FAYIL YA ƘI BUƊUWA DAGA NESA: YADDA AKE BIN SAWUN MATSALA A HANYAR VPN

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta fara bazuwa a Nijeriya, an rufe makarantu, Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta kafa dokar hana fita. Malamai da ma'aikata da dama suka koma garuruwansu, wasu Ikara, wasu Maƙarfi, wasu Hunƙuyi da sauran garuruwan Kudan, alhali kuwa takardun aikinsu suna can cikin kwamfutocin ofisoshi a Zariya ko Kaduna. Irin wannan hali ya sami ma'aikata a duniya baki ɗaya, kuma abin da ma'aikatu da jami'o'i masu yawa suka dogara da shi domin aiki ya ci gaba shi ne wata dabara da ake kira VPN, wadda ke ba mutum damar shiga kwamfutocin ofishinsu daga inda yake zaune.

Matasanmu kuwa ta wata ƙofa dabam suka san wannan kalma. Daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, sai jama'a suka riƙa sa manhajojin VPN a wayoyinsu don su zagaye shingen. Wannan ya sa da yawa suka ɗauka iyakar amfaninta ke nan, alhali babban aikin da aka ƙirƙire ta dominsa shi ne sada ma'aikacin da ke nesa da ofishinsa.

Akwai wani kuka da masu aiki da ita suka saba yi: manhaja ta nuna cewa an haɗu, amma da an je buɗe fayil sai kwamfuta ta yi ta juyi, daga bisani ta ce ba ta ga hanya ba. Abin ba ƙarami ba ne ga wanda ya shafa. Malamin da zai shigar da makin jarrabawa kafin wa'adi ya cika, ko akawun da ke shirya takardar albashi, ko ma'aikacin asibitin da zai miƙa rahoton wata, in ya rasa yadda zai yi dole ya shiga mota zuwa birni, ya kashe kuɗi, ya kuma ɓata yini guda a kan abin da mai yiwuwa cikin minti biyar za a gyara. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsakanin kwamfutarka da fayil ɗin akwai zango-zango, kuma a ɗaya daga cikinsu matsalar take. Wanda ya san zangunan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, zai iske ta.

Rumbun Tarayya

A yawancin ma'aikatu ba a barin kowa ya ajiye takardun aiki a kwamfutarsa shi kaɗai. Ana ware kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, wadda ma'aikata ke kira sabar, a zuba fayilolin a cikinta, sauran kwamfutoci su riƙa ɗauka suna mayarwa. Tamkar rumbun gandu take a babban gida: hatsin wuri ɗaya yake, maigida ne ke riƙe da mabuɗi, shi ne kuma ya san wanda aka yarje wa ya ɗiba. A wannan maƙala rumbu za mu riƙa kiranta.

Kwamfutoci suna da ƙa'idar magana da suke bi wajen neman fayil daga rumbu. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce SMB, wadda wani injiniya na kamfanin IBM mai suna Barry Feigenbaum ya tsara a 1983, daga baya kamfanin Microsoft ya ɗauke ta ya sa a cikin Windows. A 1992 wani ɗalibin jami'a a Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar da aka sani yau da suna Samba, wadda ta ba kwamfutocin da ba na Windows ba damar jin wannan yare. Abin lura a nan shi ne, an tsara SMB ne domin kwamfutocin da ke cikin gini ɗaya, haɗe da waya, inda saƙo ke zuwa ya dawo kafin ƙiftawar ido. Yawancin wahalhalun da za mu gani nan gaba daga nan suka samo asali.

Mece Ce VPN?

Ba a gina rumbu a bakin titi. Kwamfutocin ofis suna bayan abin da ake kira katangar tsaro, wato na'ura ko manhaja da ke tsaye tsakanin ofis da intanet tana tace duk abin da zai shiga. Aikin VPN shi ne ta ba ma'aikaci amintacce hanyar wuce wannan katanga.

Ga yadda take yi. Kwamfuta ba ta aika fayil a dunƙule; tana yayyanka shi ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Manhajar VPN sai ta ɗauki kowane ƙunshi ta juya abin da ke cikinsa zuwa wani irin zaurance na lissafi, wanda ba mai gane shi sai mai mabuɗi. Sa'an nan ta sa shi cikin wata sabuwar ambulan, ta rubuta adireshin ƙofar ofis a kai. Kamfanin waya da duk wanda ke kan hanya ambulan kawai suke gani. In ta isa, na'urar da ke ƙofa ta ɓare ta, ta warware zaurancen, ta miƙa ƙunshin cikin gida.

VPN iri-iri ce. Akwai PPTP ta tsakiyar shekarun 1990, wadda masana suka daina amincewa da ita saboda kullenta ya yi rauni. Akwai OpenVPN wadda James Yonan ya fitar a 2001, da WireGuard ta Jason Donenfeld wadda aka shigar cikin manhajar Linux a 2020. Kowacce ce ake amfani da ita, ya kamata mai karatu ya riƙe abu ɗaya: in manhaja ta ce an haɗu, abin da take nufi shi ne ka iso zaure. Daga zaure zuwa rumbu akwai sauran tafiya.

Tambayoyi Uku Kafin A Taɓa Komai

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Kafin ka sauya wani abu a kwamfutarka, ka nemi amsar tambayoyi uku. Ta farko: ni kaɗai abin ya sama, ko har da abokan aikina? In na Maƙarfi da na Ikara da na Hunƙuyi duk sun kasa shiga a lokaci guda, da wuya a ce laifin kwamfutarka ne, sai a kira ofis. Ta biyu: ya taɓa yi a wannan kwamfuta, a wannan wuri? Ta uku: me ya sauya tun ranar da ya yi na ƙarshe? Sabon layin waya, ko sabuwar kalmar sirri, ko sabunta manhaja, kowanne yana iya zama bakin zaren.

Bayan haka sai a kiyaye ƙa'idoji biyu waɗanda duk ɗalibin kimiyya ya san su daga ɗakin gwaji. A fara daga kusa a nufi nesa. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya sauya abubuwa biyar tare, ko da abin ya gyaru, bai san wanne ne ya yi maganin ba, gobe in ciwon ya dawo zai koma lalube.

Zango Na Ɗaya: Layinka Da Wutar Ofis

Ka kashe VPN, ka gwada buɗe wani shafin intanet da ka saba. In bai buɗe ba, matsalar tana ƙofar gidanka: ko data ta ƙare, ko sabis ya yi rauni. Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin kowa a garin. A ƙarshen watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni kafin a maido su. A ranar 14 ga Maris, 2024 kuma manyan wayoyin intanet guda huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi ta tangal-tangal a Nijeriya da maƙwabtanta, har harkokin bankuna suka sami cikas. A irin wannan rana duk wani gyara da za ka yi wa kwamfutarka aikin banza ne.

Haka kuma kada a manta da ɗaya bakin hanyar. Rumbu na'ura ce mai cin wuta. In an ɗauke wuta a ofis, batirin ajiya ya ƙare, ba a kuma tada janareto ba, to rumbu a kashe yake. Kiran waya guda ɗaya ya isa ya warware wannan.

Zango Na Biyu: Ƙofar VPN

In intanet tana aiki amma VPN ta ƙi haɗuwa, abu na farko shi ne kalmar sirri, domin ma'aikatu da yawa suna sa mata wa'adi. Na biyu, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba, shi ne agogon kwamfuta. Yawancin hanyoyin VPN suna aiki da wata takardar shaida ta lantarki wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. A cikin yawancin kwamfutoci akwai wani ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo wanda ke riƙe agogo ko an kashe su. A kwamfutocin gwanjo, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'armu, wannan batir yakan mutu, agogo ya koma shekarun baya, kwamfuta ta ga kamar lokacin takardar bai ma zo ba, ta ƙi amincewa da ita. Dubi kwanan wata da sa'a a kusurwar allo kafin ka zargi kowa.

Na uku, ka tabbata babu wata manhajar VPN da ke kunne, irin wadda aka sa domin zagaye shinge. Biyu in suka haɗu sukan yi ta jayayya a kan wadda za ta ɗauki saƙo.

Zango Na Uku: Adireshi

Yanzu ka iso zaure. Tambaya ita ce, saƙonka yana kaiwa rumbu? Kowace kwamfuta tana da adireshi na lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, alal misali 10.20.0.5. Ka tambayi mai kula da kwamfutocin ofis adireshin rumbu, ka buɗe tagar ba da umurni ta Windows, ka rubuta kalmar ping sa'an nan adireshin. Wannan ƙaramar manhaja, wadda Mike Muuss ya rubuta a Amurka a 1983, sallama kawai take yi ta jira amsa, ta kuma gaya maka tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. In an amsa, hanya tana nan. In ba a amsa ba, kada ka yanke hukunci tukuna, domin wasu rumbunan an hana su amsa irin wannan sallama. Ka tambaya ko naku yana amsawa.

Babbar matsalar wannan zango ita ce karon adireshi. Tsarin lambobi huɗu yana iya samar da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kawai, waɗanda ba za su ishi duniya ba. Saboda haka a 1996 aka tabbatar da ware wasu rukunoni domin amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da masu farawa da 192.168, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31. Kowa yana iya amfani da su a gidansa ko ofishinsa ba tare da neman izini ba. Illar ita ce, na'urorin raba intanet da ake sayarwa a kasuwa yawanci da 192.168.0 ko 192.168.1 suke zuwa, ofisoshi da yawa kuma ba su sauya nasu ba.

Mu ɗauki misali. Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai Tudun Wada a Kaduna, akwai kuma garin Tudun Wada a Jihar Kano, maƙwabcin ƙasar Ikara. In kana cikin Kaduna ka ba ɗan acaɓa saƙo ka ce ya kai Tudun Wada, ba zai kama hanyar Zariya ba, ta kusa zai nufa. Haka kwamfuta take yi. In lambobin gidanka da na ofis iri ɗaya ne, sai ta ɗauka rumbu yana nan cikin ɗakinka, ta yi ta nemansa a nan, ba ta ko sa saƙon cikin VPN ba. Gwajin yana da sauƙi: umurnin ipconfig zai nuna maka adireshinka, ka kwatanta lambobi uku na farko da na rumbu. Ko kuma ka bar na'urar gida ka jona kwamfutar da intanet ɗin wayar hannu, wadda yawanci wasu lambobi dabam take bayarwa. In fayil ya buɗe nan take, ka kama ɓarawon. Magani mai ɗorewa shi ne a sauya lambobin na'urar gida.

Akwai kuma ofisoshin da suka tsara VPN ɗinsu ta yadda saƙon aiki kaɗai ke bi ta cikinta, saura ya bi intanet kai tsaye. In mai tsarin ya manta bai sa unguwar da rumbu yake cikin jerin ba, saƙon zai bi titi ya ɓace. Wannan gyaran nasa ne.

Zango Na Huɗu: Suna

Mutane ba sa riƙe lambobi, suna suke riƙewa. Shi ya sa a 1983 Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin DNS, wanda ke aiki kamar jerin sunaye na wayar hannu: ka taɓa suna, ita ta nemo lamba. Sai dai sunayen kwamfutocin ofis na cikin gida ne, kamar sunan da ake kiran yaro da shi a tsakar gida wanda mutanen kasuwa ba su sani ba. In kwamfutarka ta tambayi littafin sunaye na kamfanin waya maimakon na ofis, za a ce mata babu mai wannan suna. Lambar kuskuren da Windows ta fi nunawa a nan ita ce 53, ko kuma 0x80070035, ma'anarta kuwa ba a ga hanyar ba.

Gwajin shi ne ka nemi rumbu da lambarsa. Maimakon ka rubuta \\rumbu\sakamako, sai ka rubuta \\10.20.0.5\sakamako. In lamba ta buɗe, suna ya ƙi, to ciwon na DNS ne, sai a gyara tsarin VPN ta riƙa nuna wa kwamfuta littafin ofis, ko a riƙa rubuta cikakken sunan rumbu har da na ma'aikatar.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne, a ofis sukan ga jerin kwamfutoci sun bayyana da kansu, amma daga nesa sai su ga wayam. Wannan ba lalacewa ba ce. Kwamfutocin gida ɗaya shela suke yi wa juna, shela kuwa a cikin gari ake jin ta, yawancin hanyoyin VPN ba sa ɗaukar ta zuwa wani gari. Daga nesa dole ka rubuta adireshin abin da kake nema.

Zango Na Biyar: Ƙofa Mai Lamba 445

Kwamfuta guda tana yin ayyuka da yawa, kowane aiki kuma da ƙofarsa mai lamba. Shafukan intanet masu kulle ta ƙofa 443 suke bi, SMB kuma ta ƙofa 445. Yana yiwuwa rumbu ya amsa sallama amma wannan ƙofa tana rufe gare ka. Dalili kuwa, katangar tsaron Windows takan buɗe ta ne ga kwamfutocin unguwa ɗaya kawai, masu shigowa ta VPN kuma sau da yawa lambobin wata unguwa ake ba su, sai a ɗauke su baƙi. A tagar PowerShell akwai umurnin Test-NetConnection, wanda in ka ba shi adireshin rumbu da lamba 445 zai gaya maka ko ƙofar a buɗe take. In a rufe take, mai kula da rumbu ne zai ƙara lambobin masu VPN cikin waɗanda aka yarda da su.

Zango Na Shida: Izini

In kwamfuta ta ce an hana ka shiga, wato kuskure mai lamba 5, ka yi murna, domin ka iso har bakin rumbu, mabuɗi ne kawai ya ƙi. Abubuwa uku ake dubawa. Na ɗaya, Windows takan ajiye tsohuwar kalmar sirri ta yi ta miƙa ta ba tare da ta tambaye ka ba. In an sauya kalmar a ofis, sai ka goge ajiyayyar. Na biyu, izini hawa biyu ne, akwai na ƙofar jakar da aka raba, akwai na fayilolin da ke cikinta, kuma wanda ya fi tsanani shi ke aiki. Na uku, agogo ya sake dawowa. Ma'aikatu da yawa suna tantance ma'aikatansu da tsarin Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, kuma bisa al'ada ba ya yarda in saɓanin agogonka da na ofis ya wuce minti biyar.

In kuwa fayil ya buɗe amma ya hana ka rubutu a ciki, mai yiwuwa wani abokin aiki ne ke riƙe da shi, ko layinsa ya yanke ya bar shi a kulle.

In Aiki Yana Tafiyar Hawainiya

Wani lokaci komai yana buɗewa amma da nawa. Mutane sukan zargi ƙarancin ƙarfin intanet, alhali sau da yawa jinkirin zuwa da dawowa ne. SMB mai yawan tambaya ce, kamar uwar gidan da ke aiken yaro kasuwa ya sayo gishiri, ya dawo ta ce ya koma ya sayo daddawa, ya dawo ta ce saura barkono. In kasuwa tana ƙofar gida ba a jin wahalar. Mu yi lissafi. A ce buɗe wata jaka yana bukatar tambaya da amsa sau 1,000, ɗaya bayan ɗaya. A ofis, inda kowace ke ɗaukar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, aikin daƙiƙa ɗaya ne. A layin waya, in kowace ta ɗauki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, aikin ya zama daƙiƙa 100.

Nisa ma yana da nasa haƙƙi. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, wato kashi 7 cikin ɗari na daƙiƙa, kuma babu dabarar da za ta rage wannan. Saboda haka in saƙon mutumin Maƙarfi zuwa Zariya sai ya zagaya ta Turai, a kan kowace tambaya zai biya wannan kuɗin hanya. Microsoft ta rage surutun SMB a sabon zubin da ta fitar tare da Windows Vista a 2006, inda umurnonin suka sauko daga fiye da 100 zuwa 19, amma halin bai gushe gaba ɗaya ba. Shawara ita ce, in dokar ofis ta yarda, ka kwafo fayil ɗin zuwa kwamfutarka, ka yi aikinka, ka mayar. Ƙananan fayiloli masu yawa kuma a ɗaure su dami guda kafin a aiko.

Akwai kuma wata alama ta musamman: jerin fayiloli ya bayyana, ƙanana suna buɗewa, amma da an taɓa babba sai komai ya tsaya cik. A al'ada ƙunshi guda ba ya wuce bayit 1,500. Ambulan ɗin da VPN ke ƙarawa tana cin wuri, shi ya sa WireGuard takan tsaya a 1,420. Duk wanda ya taɓa ganin motar da aka labta wa rake daga Maƙarfi ta iso ƙofar da ba ta kai tsayin lodin ba ya san abin da ke faruwa: babur da keke suna wucewa, ita tana tsaye. Magani shi ne a rage girman ƙunshi a tsarin VPN.

Maganin Da Ya Fi Ciwon Muni

Mai gaggawa yakan ce a kashe katangar tsaro, ko a buɗe ƙofa 445 ga intanet kowa ya huta da VPN, ko a kunna tsohon zubin SMB na farko domin wata tsohuwar na'ura. Duniya ta ga sakamakon haka a ranar 12 ga Mayu, 2017, sa'ad da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wani rauni da ke cikin tsohon zubin SMB, ta wannan ƙofa ta 445, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Tana kulle fayiloli ta nemi fansar dala 300. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000. Abin takaici, tun watan Maris na shekarar Microsoft ta fitar da gyaran wannan rauni, waɗanda ba su sabunta kwamfutocinsu ba su ne suka faɗa.

Haka nan ba a ara wa abokin aiki kalmar sirri, ba a kuma tura makin ɗalibai ko bayanan marasa lafiya ta zaurukan hira na waya don an kasa buɗe rumbu. Waɗannan amana ce, kuma tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a wadda ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Aiki A Aji

Malami yana iya koyar da wannan darasi ko da babu kwamfuta a makarantarsa. A zaɓi ɗalibai shida su tsaya a layi, kowanne ya wakilci zango guda, na bakwai ya riƙe littafi a matsayin rumbu. Malami ya raɗa wa ɗaya daga cikin shidan cewa kada ya miƙa saƙo. Sauran 'yan aji su gano wanda ya tsare hanya ta hanyar aika takarda da yin tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a, a ƙirga yawan gwajin da kowane rukuni ya yi. Ɗalibai za su gani da idonsu cewa rukunin da ya bi tsari ya riga mai cinke.

Kammalawa

Mun ga cewa tsakanin ma'aikacin da ke nesa da fayil ɗinsa akwai layi, da ƙofar VPN, da adireshi, da suna, da ƙofa 445, da izini. Wasu gyare-gyaren a hannunsa suke, wasu kuwa sai mai kula da kwamfutocin ofis. Ko a nan ma binciken bai faɗi ƙasa banza ba, domin wanda ya kira ya ce abu ya ƙi yi ya bar ma'aikacin cikin duhu, amma wanda ya ce VPN ta haɗu, lamba tana buɗewa, suna ne ya ƙi, ya riga ya yi masa rabin aikin.

Ga ɗalibanmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan masu sha'awar wannan fanni, ba sai an je nesa ba: Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana koyar da kimiyyar kwamfuta da injiniyancinta, tana kuma da cibiyar fasahar sadarwa mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar. Kafin lokacin ya zo, ana iya fara atisaye da abin da ke hannu. Duk ran da fitila ta ƙi kamawa, ko injin ban-ruwa ya ƙi tashi a fadama, a fara daga kusa, a sauya abu ɗaya, a rubuta abin da aka gani.